Idan Ma'aikaciya Ta Kawo Kuka: Darasi Daga Majalisar Ostareliya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata magana mai nauyi a baki, wadda da yawanmu mukan sunkuyar da kai idan an tayar da ita, wato maganar ma'aikaciyar da ta zo ta ce an yi mata fyaɗe, ko an ci zarafinta a wurin aiki. Tambayoyin da za mu bi guda biyu ne. Na farko, daga lokacin da ta buɗe baki, mene ne haƙƙinta a kan wanda take aiki a ƙarƙashinsa? Na biyu, idan shugaban nan ɗan siyasa ne mai mulki a hannu, kuma ya yi sakaci, wa zai tuhume shi?

'Yar uwa, kada ki ce wannan bai shafe ki ba. Wata a cikinmu tana da 'ya ko ƙanwa da take fita aiki kullum safiya. Wata ita ce shugabar makaranta, ko mai shagon ɗinki da 'yan koyo a ƙarƙashinta. Wata kuma tana da 'yar aiki a gida. Duk wadda wani yake cin abinci ta hannunta, to darasin nan nata ne.

Misalin da za mu ɗauka ya faru ne a ƙasar Ostareliya, a cikin ginin majalisar dokokinsu da ke babban birninsu Kanbera. Dalilin zaɓensa shi ne an bi diddiginsa shekara da shekaru, kotuna sun zauna a kansa, an yi bincike an rubuta, saboda haka ana iya ganin inda aka yi daidai da inda aka kauce.

Yadda abin ya faro

A watan Maris na 2019, wata matashiya mai suna Brittany Higgins, 'yar shekara 24, tana aiki a ofishin Sanata Linda Reynolds, wadda a lokacin take ministar masana'antun tsaro. 'Yan makonni ke nan da fara aikinta a ofishin. A daren Juma'a 22 ga wata ta fita wurin shaƙatawa tare da abokan aiki, aka sha giya. Bayan tsakar dare, ita da wani abokin aikinta mai suna Bruce Lehrmann suka shiga ginin majalisa, masu gadi suka buɗe musu ofishin minista. Shi ya fito shi kaɗai ya yi tafiyarsa. Daga baya wata mai gadi ta leƙa, ta tarar da ita kwance a kan doguwar kujerar ofishin ba sutura a jikinta.

Higgins ta ce ya yi mata fyaɗe a kan wannan kujera alhali ba ta cikin hayyacinta. Shi kuwa tun farko ya musanta, ya ce babu abin da ya shiga tsakaninsu.

A kwanakin da suka biyo baya an sallame shi daga aiki, amma bisa laifin karya ƙa'idar tsaro, wato shiga ofis cikin dare ba da izini ba. Ita kuma aka kira ta ganawa da minista a ranar 1 ga Afrilu, kuma aka yi ganawar a cikin ɗakin nan da ta ce abin ya faru. Ta yi magana da 'yan sanda, sannan a cikin watan ta ce musu ba za ta ci gaba da ƙara ba. Zaɓen ƙasa yana tafe a ranar 18 ga Mayu, kuma kamar yadda ta faɗa daga baya, ta ji a ranta cewa in ta matsa, aikinta ne zai tafi. Haka ta haɗiye, ta ci gaba da aiki kusan shekara biyu, kafin ta ajiye a farkon 2021.

Ranar 15 ga Fabrairu, 2021 ta fito ta ba da labarinta a jarida da talabijin. Daga ranar ƙasar ta ɗauki zafi.

Amsar shugabanni

A nan ne ɓangaren siyasa ya shigo. Firayim Minista na lokacin, Scott Morrison, ya ce shi bai san da maganar ba sai ranar da ta fito a jarida. Mutane suka ce, ta yaya za a yi zargin fyaɗe a ofishin ministarka, a ginin da kai ma ofishinka yake, shekara biyu ba ka ji ba? Aka ɗora wa babban sakataren ma'aikatarsa, Phil Gaetjens, binciken su wa suka sani a ofishin Firayim Minista da lokacin da suka sani. An dakatar da wannan bincike, jama'a ba su ga sakamakonsa ba.

Washegari Morrison ya ba da haƙuri, amma ya haɗa da wata magana da ta ƙara wa wutar fetur. Ya ce matarsa ce ta ja hankalinsa a kan ya dubi abin a matsayinsa na uba, ya yi tunanin abin da zai so a yi da a ce 'ya'yansu ne. Nan take wata 'yar jarida ta tambaye shi: to namijin da ba shi da mata ko 'ya fa? Kin ga tambayar tana da ma'ana. Shugaba yana tsayawa a kan haƙƙin ma'aikaciya ne domin amana ce a wuyansa, ko yana da 'ya ko ba shi da ita.

Ita ma Reynolds ta ba da haƙuri a zauren majalisar dattawa. Sai dai ba a daɗe ba ya bayyana cewa a cikin ofishinta, a gaban ma'aikata, ta kira Higgins da mummunan suna mai nufin maƙaryaciya. Ta ce ba zargin fyaɗen take ƙaryatawa ba, maganar cewa ba a tallafa mata ba ce ta ɓata mata rai. Ta janye kalmar, ta biya diyya, Higgins kuma ta ba da kuɗin ga wata ƙungiya mai taimakon waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Ranar 15 ga Maris, 2021 dubun dubatar mutane, galibinsu mata, suka yi jerin gwano a garuruwa da dama, har da ƙofar majalisa. Morrison bai fito ya same su ba, ya dai gayyaci shugabanninsu ofis, su kuma suka ƙi. A cikin zauren majalisa sai ya ce a wasu ƙasashe da ba su da nisa da su, da harsashi ake tarbar irin wannan taro. Nufinsa ya yabi 'yancin ƙasarsa, amma matan da ke tsaye a waje ba haka suka ji maganar ba.

Abin da kotuna suka ce

'Yar uwa, ki natsu a wannan gaɓa, domin a nan ne masu ba da labari suke yawan zamewa. Kowa yakan ɗauki hukuncin da ya yi masa daɗi ya bar sauran.

An tuhumi Lehrmann a watan Agusta na 2021, aka fara shari'a a Oktoba na 2022. A tsarinsu akwai mutanen gari da ake zaɓa su taya alƙali yanke hukunci, kuma an hana su neman bayani daga waje. Sai aka kama ɗaya daga cikinsu ya shigo da wata takardar bincike da ba ta cikin shaidun da aka gabatar, dole aka rushe shari'ar. A watan Disamba mai gabatar da ƙara ya ce ba za a sake ba, saboda sake shari'ar haɗari ne ga lafiyar Higgins da rayuwarta. Wato ke nan kotun laifi ba ta yanke hukunci ba, ba a ɗaure kowa ba. A cikin watan ne kuma gwamnatin tarayya, wadda a lokacin ta koma hannun Anthony Albanese bayan zaɓen Mayu na 2022, ta sasanta da Higgins a kan kimanin dalar Ostareliya miliyan 2.4 game da yadda aka tafiyar da lamarinta a wurin aiki, ba tare da gwamnatin ta amsa laifi ba.

Sai shi Lehrmann ya kai gidan talabijin da 'yar jaridar da ta yi hirar ƙara, a kan sun ɓata masa suna. Ranar 15 ga Afrilu, 2024 Mai Shari'a Michael Lee na kotun tarayya ya kori ƙarar, ya ce bisa rinjayen hujja, Lehrmann ya yi mata fyaɗe, domin ta bugu sosai kuma shi bai damu da ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Ki lura da bambancin. A shari'ar laifi sai hujja ta kai inda babu sauran kokwanto kafin a ɗaure mutum. A shari'ar da ke tsakanin mutum da mutum kuwa, alƙali yana duba ɓangaren da hujjarsa ta fi nauyi ne.

Amma wannan alƙalin dai ya ce zargin da aka yaɗa, cewa 'yan siyasa sun haɗa baki sun rufe maganar saboda zaɓe, ba shi da hujjar da ta tsayar da shi. Har ma ya yaba wa shugabar ma'aikatan ofishin, Fiona Brown, wadda aka matsa mata ta kai rahoto ga 'yan sanda, ta ƙi yi ba tare da yardar mai abin ba. Sannan a watan Agusta na 2025 wata kotu a jihar Ostareliya ta Yamma ta yanke cewa Higgins ta ɓata sunan Reynolds a wasu rubuce-rubucen da ta yi a kafafen sada zumunta, ta umarce ta da biyan dala 315,000 ban da kuɗin ruwa.

To kin ji. Alƙali ya gaskata ta a kan abin da aka yi mata, alƙalai biyu kuma ba su gaskata zargin rufa-rufa ba. Duka biyun suna cikin labarin, kuma mai adalci ba ya ɗaukar ɗaya ya jefar da ɗaya.

Binciken da ya tona asirin gidan

Abu mafi amfani da ya fito daga wannan rikici shi ne binciken da aka ɗora wa Kate Jenkins, kwamishinar yaƙi da wariyar jinsi ta ƙasar a lokacin. Ba a ce ta binciki mutum ɗaya ba. An ce ta dubi gidan gaba ɗaya, ta gano abin da ya sa irin wannan yake faruwa kuma mutane suke yin shiru. Mutum 1,723 ne suka ba da bayani, aka gabatar da rahoton ranar 30 ga Nuwamba, 2021.

Ga kaɗan daga abin da aka gano. A cikin masu aiki a majalisar, kashi 33 cikin 100, wato mutum 1 a cikin 3, sun taɓa fuskantar cin zarafi na lalata, kamar maganganun batsa, ko taɓa jiki, ko matsa lamba. Kashi 51 sun fuskanci aƙalla ɗaya daga cikin ukun nan: cin zali, ko cin zarafi na lalata, ko fyaɗe da yunƙurinsa. Su kansu mata 'yan majalisa ba su tsira ba, kashi 63 daga cikinsu abin ya taɓa su. Amma a cikin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 11 kacal ne suka kai ƙara.

Me ya hana sauran? Babban dalili shi ne yadda ake ɗaukar aikin. A lokacin, a ƙarƙashin wata doka ta 1984, ɗan majalisa shi ne mai ɗaukar ma'aikacinsa, kuma shi ne mai sallamarsa cikin sauƙi. Idan ya faɗi zaɓe ko ya rasa muƙami, aikin ma'aikacin ya tafi. Saboda haka yarinyar da aka cuta sai ta tsaya tana lissafi: in na yi magana zan ja wa maigidana abin kunya, jam'iyya za ta ce na ba abokan hamayya makami, kuma wanda zan kai wa ƙarar shi ne mai riƙe da abincina. Ga kuma aikin dare, da yawan tafiye-tafiye nesa da iyali, da giya da ta zama ruwan dare a tarukansu. Rahoton ya jera tushen matsalar: rinjayen iko na wasu a kan wasu, da rashin daidaito tsakanin maza da mata, da rashin hukunta manya idan sun yi laifi. Ya ba da shawarwari 28.

Gyaran da aka yi

Tun a watan Maris na 2021 aka buɗe layin waya na musamman da ma'aikaci zai kira dare ko rana ya sami mai saurarensa a asirce. A watan Satumba na shekarar aka kafa ofishin tallafa wa ma'aikatan majalisa, wanda a 2023 aka yi masa doka ya zama hukuma mai cin gashin kanta. Ranar 8 ga Fabrairu, 2022 shugabannin majalisun biyu suka karanta sanarwar amsa gazawa, Firayim Minista da jagoran adawa suka ba da haƙuri, Higgins tana zaune a wurin baƙi tana ji. A ƙarshen 2022 aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar ya ɗauki matakin hana cin zarafi tun kafin ya faru, kada ya zauna jiran ƙara. A watan Oktoba na 2024 kuma aka kafa hukuma mai zaman kanta da ke binciken 'yan majalisa da ma'aikatansu. Idan laifin ɗan majalisa ya yi girma, takan miƙa shi ga kwamitin majalisa, inda za a iya yanke masa tara daga albashinsa, ko cire shi daga kwamiti, ko dakatar da shi.

Ki ƙirga, daga daren da abin ya faru zuwa kafa wannan hukuma shekara biyar ne da rabi. Kuma ba a yi gyaran don daɗin rai ba, sai da mata suka tsaya a ƙofa suka ƙi tafiya.

Darussan da za mu riƙe

Na ɗaya, amsar farko ita ce ginshiƙi. Wadda aka cuta ba ta mantawa da fuskar wanda ta fara gaya wa, da kalmar farko da ya furta. Idan aka zo miki da irin wannan, ki saurara har ta gama, kada ki katse ta da tambayoyin tuhuma. Ki zaɓi wuri mai sirri, nesa da inda abin ya faru da kuma wanda ake zargi. Kin ga yadda ganawa ɗaya a ɗakin da bai dace ba ta zama tabon da aka yi shekaru ana magana a kansa.

Na biyu, lafiya kafin komai. Akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da ake ba wadda aka yi wa fyaɗe, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In da hali kada ta yi wanka ko ta wanke kayan da ke jikinta kafin likita ya duba ta, domin shaida tana jikinsu. A nan gida akwai cibiyoyin da aka keɓe domin wannan, kamar cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala a Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna.

Na uku, zaɓi nata ne. Ki bayyana mata hanyoyin da ke gabanta, na asibiti, da na 'yan sanda, da na hukumar wurin aiki, ki kuma tabbatar mata za ki raka ta duk wanda ta ɗauka. Wadda aka ƙwace wa iko a kan jikinta, kada a sake ƙwace mata iko a kan labarinta. Wannan ga babbar mace ke nan. In kuwa ƙaramar yarinya ce, to wajibi ne manya su kai maganar inda ya dace, ba a barin yaro da wannan nauyi.

Na huɗu, a tabbatar mata da abincinta. Tsoron rasa aiki shi ne babban abin da ke ɗinke bakin mata. A faɗa mata ƙarara, in da hali a rubuce, cewa aikinta da albashinta suna nan ko ta kai ƙara ko ba ta kai ba. Idan za a raba su wurin zama kafin a gama bincike, kada ya zama ita ce kullum ake ɗagawa kamar ita ta yi laifi. Kuma tallafi ba na mako ɗaya ba ne. Bayan wata uku, bayan shekara, a riƙa tambayarta yadda take.

Na biyar, mai ɗauka da kora ba zai zama alƙali ba. Shugaba ko mutumin kirki ne, yana da sunan da yake karewa, da jam'iyya ko makaranta ko kasuwar da yake tsoron ta zube. Dole a sami wata ƙofa ta daban da ma'aikaciya za ta ƙwanƙwasa, wadda mai buɗe ta ba ya cin abinci a hannun shugaban. Wannan shi ne gyara mafi girma da Ostareliya ta yi.

Na shida, adalci ga kowa. Tallafa wa mai ƙara ba ya nufin an yanke wa wanda ake zargi hukunci. Ita a ba ta kulawa nan take ba tare da an ce sai ta kawo hujja ba, shi kuma a ji ta bakinsa a gaban mai bincike. Haka nan mu masu jin labari mu kiyaye harshenmu da yatsunmu a waya. Wanda ya ƙara gishiri a kan gaskiya yakan raunana gaskiyar, kuma kin ga yadda zargin da ba a tabbatar ba ya jawo wata shari'ar ta daban.

Na bakwai, kalmar "ban sani ba" ba ta wanke shugaba. Aikinsa ne ya shimfiɗa hanyar da labari zai iso gare shi, kuma ya zama mutumin da ba a tsoron kawo masa mummunan labari. Haƙurin da ya bayar kuma ana auna shi ne da abin da ya canza bayansa.

"To me ya kai ta?"

Na san wata tana karantawa tana cewa a ranta, ai ita ta fita da dare, ita ta sha giya, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. 'Yar uwa, mu dai mun san hukuncin giya, kuma ba mai cewa fitar nan abin koyi ce. Shi kansa rahoton ya lissafa giya cikin abubuwan da ke ƙara haɗari. Amma kuskuren mutum a kan kansa daban, zaluncin da wani ya yi masa daban. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe ya yi sakaci, wanda ya shiga ya kwashe kaya kuwa sunansa ɓarawo. Kuma ki sani wannan tambaya ta "me ya kai ta" ita ake jefa wa yarinyar da aka tare a hanyar makaranta da rana tsaka, sanye da hijabinta har ƙasa. Tsoron tambayar ne yake sa uwa ta toshe bakin 'yarta, mai laifi kuma ya samu damar komawa kan 'yar wani.

Inda abin ya taɓo mu

A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a kan hana cin zarafi a wurin aiki. Nijeriya ta rattaba hannun amincewa da ita a 2022, ta ma riga Ostareliya wadda ta yi a 2023. Muna kuma da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka yi domin Abuja, jihohi da dama kuma suka karɓe ta suka yi tasu. Takarda dai akwai ta. Abin da ya rage shi ne mu tambaya. Idan mai neman ƙuri'a ya zo ƙofar gidanki, ko ya aiko wa ƙungiyarku da atamfa, ki tambaye shi: yarinyar da ke aiki a ofishinka, in an cuce ta, wa za ta gaya wa wanda ba kai ba kuma ba yaronka ba? A taron iyaye da malamai ma ki yi irin wannan tambaya game da malamai mata da ɗalibai.

Sannan ki waiwayo cikin gidanki. 'Yar aikin da aka kawo miki daga ƙauye, ke ce ministarta. Ke kike ba ta abinci, ke kike iya cewa ta tattara kayanta, kuma ba ta da kowa a garin sai ke. Idan wata rana ta zo tana rawar murya ta ambaci sunan direba, ko ƙanin maigida, ko ɗan da kika haifa, a wannan lokacin za ki ji irin abin da 'yan siyasa suke ji: tsoron abin kunya da son a binne magana. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba ta kuɗin mota a mayar da ita garinsu da sunan ba ta jin magana. Mata da yawa sun bi wannan hanya, yarinyar ta tafi da ciwonta, wata har da ciki, wanda ya yi kuma yana nan yana jiran wadda za a kawo a madadinta. Ki yanke shawara tun yau a kan abin da za ki yi, domin ranar da abin ya zo zuciya ba ta da natsuwar tunani. Ki gaya mata tun ranar da ta zo cewa duk wanda ya taɓa ta, ko wane ne, ta faɗa miki. Ki ba ta makwanci mai sakata. Ki bar mata hanyar magana da iyayenta ba sai ta wayarki ba.

Tambayoyin bita

Ga tambayoyi huɗu da za ku tattauna a zamanku na ƙungiya ko na makaranta.

1. Waɗanne dalilai ne suka sa kashi 11 kacal suka kai ƙara a majalisar Ostareliya, kuma wanne ne a cikinsu kike gani a inda kike?

2. Mene ne bambancin ma'aunin hujja a shari'ar laifi da shari'ar da ke tsakanin mutum da mutum?

3. Idan 'yar maƙwabciyarki ta zo miki da irin wannan kuka da safe, waɗanne abubuwa uku za ki yi kafin rana ta faɗi?

4. A makarantarku ko ƙungiyarku, wa ake kai wa ƙara idan shugaba ne da kansa ake zargi?

Idan kun ga ba ku da amsar ta huɗu, to aikin da ke gabanku ke nan a taro na gaba: ku zaɓi mata biyu ko uku masu riƙon sirri, waɗanda ba sa ƙarƙashin shugaba, ku sanar da kowa sunayensu.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu da 'ya'yan da aka ba mu amana, Ya ba mu ƙarfin halin tsayawa a kan gaskiya ko da a kan namu ne.